Libarba

Kalmar libarba aro ce daga Turancin Ingilishi, revolver, wato mai juyawa. Wata irin ƙaramar bindiga ce, ta samo sunan ne daga ma'ajiyar harsasanta, wadda kan juya ta kawo sabon harsashi bakin bututu kafin kowane harbi. Da yake Hausa ba ta da "v", sai harshe ya mayar da ita "b", "r" ta farko kuma ta koma "l".

Samuel Colt ya yi rajistar tasa ƙirar libarbar a Amurka a 1836, mai cin harsashi 5. Sojojin Ingila kuwa ƙirar Webley suka ɗauka a 1887. Masu tara tsofaffin bindigogi irin waɗannan kan bi lambobi da hatiman jikinsu don gano tarihinsu, kuma ba sa yarda a kira kowace ƙaramar bindiga libarba. Gaskiyarsu ce. A bakin matasa dai kalmar ta yi ƙaranci, "ƙaramar bindiga" ta maye gurbinta.