Tarihin Binciken Fatar Silikon da Haske

Haske idan ya ratsa gilashi, da launin da ya shiga yake fita. Haka masana suka sani har 1961, shekara guda bayan Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko. A shekarar ce Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka harba jan hasken lezar yaƙutu, mai zangon nanomita 694, cikin dutsen kwaz, sai wani ɗan haske ya fito da rabin zangon, nanomita 347. Ɗigon da ya bari a hoton gwajin ƙanƙane ne ƙwarai, har masu ɗab'in mujallar Physical Review Letters suka ɗauka datti ne, suka goge shi.

A 1962 Nicolaas Bloembergen da Peter Pershan na Harvard suka tsara lissafin yadda wannan sabon haske ke tasowa a bakin iyakar abubuwa biyu. Nan silikon ya shigo. Ƙwayoyin zarrarsa a ciki sun jeru daidai wa daida, gaba da baya duk ɗaya, saboda haka abin da wannan ɓangare ya haifar sai wancan ya kashe shi. A fatar waje kuwa jerin ya yanke, daidaiton ya rushe, hasken ya samu ƙofar fita. Mafi yawan abin da na'ura ke kamawa ke nan daga 'yan layukan zarra na sama yake zuwa, kuma wannan ne darajar dabarar: ana duba fata ba tare da an taɓa ta ba.

Bloembergen ya samu kyautar Nobel a 1981. Daga nan Yuen-Ron Shen na Berkeley da ɗalibansa suka mai da abin kayan awo. A 1983 suka nuna cewa in an juya faifan silikon a ƙarƙashin leza, ƙarfin hasken yana hawa yana sauka gwargwadon jerin zarrar. A 1987 John Sipe, David Moss da Henry van Driel na Toronto suka tsara lissafin rabon fata da rabon ciki a wannan haske, aiki mai wuya, domin cikin ma yana ba da ɗan nasa.

Tun shekarun 1990 lissafin ya koma kan kwamfuta, zarra bayan zarra. Ana amfani da shi wajen nazarin iyakar silikon da siririn rufin oksayid da ke kansa, wadda a kanta aka gina transistocin zamani, har da na wayoyin da ke hannun mutane.