Daga Zaure Zuwa Kwalejin Katsina: Tarihin Koyon Kafa Hujja a Arewa

Duk lokacin da jarrabawar JAMB ta gabato, ɗaliban Tungan Maje da ke ƙaramar hukumar Gwagwalada, kamar takwarorinsu na ko'ina, sukan duƙufa haddar manyan kalmomin Turanci da kishiyoyinsu. Waɗanda suka samu shiga Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, sai su ci karo da darasin falsafa da mantiƙi, su ɗauka baƙon ilimi ne. Alhali kuwa an yi shekaru fiye da 500 ana gardama a kansa a ƙasar Hausa.

Wajen 1492, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya iso Kano. Malami ne da ya yi rubutu a kan mantiƙi, har ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin karanta fannin haramun ne. Magili ya tsaya a kan cewa ma'auni ne kawai na tantance tunani, kuma gaskiya ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba.

Littafin da ya zaunar da fannin a makarantun zaure shi ne Sullam na Abdurrahman Ahdari, mutumin Aljeriya, wanda ya tsara shi a waƙe a ƙarni na 16 yana ɗan shekara 21. A ciki almajiri ke koyon yadda ake jera maganganu biyu a fitar da ta uku. A nan kuma yake sanin cewa hujja iri biyar ce: tabbatacciya, da ta jayayya, da ta huɗuba, da ta waƙa, da safsaɗa, wato rufa-ido da ke kama da gaskiya. Ƙarshen littafin ya bi kurakuran hujja ɗaya bayan ɗaya, kamar amfani da kalma mai ma'ana biyu a wuri guda, ko kafa hujja da abin da ake neman tabbatarwa. Ahdarin dai shi ya rubuta Jauharul Maknun a kan balaga, wato fasahar magana, da rassanta uku: ma'ani da bayani da badi'i. Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa balaga cikin fannonin da ya karanta a littafinsa Ida'un Nusukh.

Da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai fasahar magana ta koma wani harshe. Makarantar ta shahara da horar da ɗalibai furta Turanci tiryan-tiryan. A can Ahmadu Bello ya yi karatu, haka ma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya gama a 1933, daga baya aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

An gwada wannan horo a Bauchi a shekarun 1940, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suka haɗu a wata ƙungiyar tattaunawa. Da muhawara ta kai ga tsarin En'e da albashin sarakuna, hukuma ta rufe taron. Sa'adu da Aminu duk 'ya'yan gidan malamai ne, sun yi karatun zaure kafin boko, shi ya sa Turancinsu ke tafe da hujja.

Yau manhajar sakandare ta riƙe haddar kalmomi, ta bar cikakken darasin mantiƙi sai an je jami'a. Ya kamata malaman makarantu su farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara, su koya wa yara gane gurguwar hujja da Hausa da Turanci tun kafin su zauna jarrabawar WAEC.