Aska Ɗaya, Kai Ɗaya: Abin da Na Koya a Rumfar Wanzami a New Bell

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara riƙe aska, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka ɗauko shi daga gidanmu na gado da ke New Bell muka dawo da shi wurina a Kotto, inda ya fi sarari, ruwa kuma ba ya shiga ɗaki da damina. Sati uku da zuwansa suma ta cika masa kai, gemu ya haɗe da saje. Na kira wani yaro mai shagon aski a bakin layinmu, ya zo da injinsa. Da ƙarar injin ta kusanci kunnen Baba sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya ture shi. Harshensa ya yi nauyi a lokacin, amma duk mun ji abin da ya ce: "Wanzami."

Wanzamin da ya yi masa aski fiye da shekara talatin ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rage cikin tsararsu tsoho ne da ciwon gwiwa ya hana shi hawa bensikin, balle ya ratsa cunkoson Deido ya zo Kotto duk mako. Na je na same shi a rumfarsa, ba nisa da babban masallacin New Bell. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To kai me ya sami hannunka?" Na ce, "Baba Wanzam, ai kun san gidanmu ba wanzamai ba ne. Ni akawu ne." Ya ce, "Kaciya na ce ka yi, ko ƙaho? Kan ubanka ne kawai. Ka zo ranar Asabar."

Asabar goma sha ɗaya na yi ina zuwa. A cikinsu ne na gane cewa abin da Baba ya ture ba inji ba ne kaɗai. Sai mutum ya san yadda unguwar ta kafu zai gane abin da yake nema.

Hausawa ba ta teku suka zo Duwala ba. Ta tudu suka gangaro. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta a 1809 aka kafa daular Fombina, fatake daga Kano da Katsina da Zariya suka bi sawun Fulani zuwa Garwa, Ngaundare, Banyo da Tibati, suna neman hauren giwa da goro, daga baya kuma da danƙo. Jamusawa sun kafa mulkinsu a bakin kogin Wuri a 1884, amma sai da suka ci Tibati a 1899, suka ci Ngaundare da Garwa a 1901, hanya ta buɗe sosai daga arewa zuwa gaɓar teku. Ayari ya riƙa sauka Yoko, ya wuce Yawunde, har ya iso nan.

Ita kanta New Bell da zalunci aka haife ta. Tun wajen 1910 Jamusawa suka shirya ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogi, su mayar da wurin na Turawa zalla, su tura masu ƙasa can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakani. Wurin da aka ware wa dangin Bell shi aka kira sabuwar Bell. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ya ƙi yarda, ya kai ƙara har Jamus. Suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914 tare da magatakardansa Ngoso Din. Wata biyu ba su cika ba sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace garin daga hannun Jamus. A zamanin Faransa mutanen Bell ba su zauna a fadamar da aka tura su ba, sai ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Basa, Bamileke, mutanen Yawunde, 'yan Dahomi da 'yan Senegal. Kowace ƙabila da sashenta da mai unguwarta. Sunayen suna nan har yau: New Bell Hausa, New Bell Basa, New Bell Bamileke, Kongo, Kasalafam, Nkololun.

Ga inda wanzami ya shigo. Bafatake zai iya kwana uku a zango ya wuce, ba ya buƙatar kowa sai mai masauki. Amma ranar da ya auri mace a wurin, ta haihu, to a rana ta bakwai dole a samu liman da zai raɗa suna, mahauci da zai feɗe rago, da wanzamin da zai aske jariri. In yaro ya tasa, wanzamin ne zai yi masa kaciya. In jini ya yi wa magidanci yawa, shi zai kafa masa ƙaho. A ganina ranar da wanzami ya rataye zabirarsa a wuri ya ce nan zan zauna, ranar zango ya zama gari. Haka ya faru a Kumasi da Ankara, inda har waɗanda ba sa jin Hausa suke kiran mai kaciyar gargajiya wanzam. Haka ya faru a Birketiri ta Yawunde, haka a nan.

A ƙasar Hausa wanzami yana da gidajensa da ya gada, a ba shi damin hatsi da kaka, a ba shi kasonsa na ragon suna. A Duwala babu gona babu dami, sai kuɗi da goro da nama suka maye gurbi. Amma gadon gidaje bai canza ba. Tsohon ya lissafa mini gidajen da ubansa ya bar masa, gida-gida, har da waɗanda yanzu an rushe su an yi shaguna. Ya san wanda ke da ƙari a ƙeya, ya san wanda fatarsa ba ta son sabulu, ya san gidan da aka yi ɓari ba a faɗa wa kowa ba. Aska ɗaya ce ke zagaya kawunan unguwa duka, daga na mai unguwa har na ɗan dako. Mutum ya zauna a tabarma ya miƙa maƙogwaronsa ga wani mai riƙe da ƙarfe mai kaifi, ya lumshe ido, wani ma har gyangyaɗi. Wannan amanar Baba ya saba da ita tun yana jariri. Yaron da na kawo masa bai san sunan kakansa ba.

Asabar ta farko ban taɓa gashi ba. Washi aka koya mini. Tsohon ya zazzage zabira: askar maƙera guda uku, gajeru, baƙaƙe, ba sa naɗewa, 'yar tsaga, almakashi, ƙahoni, dutsen washi da tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa, da wata fata da ta yi sulɓi kamar an shafa mata man shanu. Can ƙasa akwai wata aska ta Turawa mai naɗewa cikin mariƙinta, an buga mata sunan Solingen, garin maƙeran wuƙaƙe na Jamus. Ta ubansa ce. Ita ya ware mini, ya ce hannun mai biro ya fi sabawa da irinta.

A dutse, baki ne ke gaba, kamar kana son yanko ɓawon dutsen. A fata kuwa baya ne ke gaba, baki na biye, in ka kai ƙarshe ka juya ta a kan bayanta. Na juya a kan baki sau ɗaya na datse masa fatar da ta girme ni. Bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallon wurin. Gwajin kaifi kuma a gashin hannu ake yi: in ta ɗauke shi ba ka ji ja ba, ta yi.

Akwai darasin da wanzamin Kano ba ya buƙata kamar na Duwala. Garin nan yana shan ruwan sama kusan mita huɗu a shekara, a Yuli da Agusta ma sai a yi kwanaki ba a ga rana ba. Aska irin ta da, in ka ajiye ta da danshi da dare, da safe za ka tarar da tsatsa ta ci bakin. Sai an goge ta ƙaƙas, a shafa mata mai, a naɗe a tsumma. Na manta sau ɗaya. Asabar ɗin gaba ɗaya a kan dutse na yi ta.

Daga nan aka ba ni ƙwarya, aka kife ta, aka shafe bayanta da kumfar sabulu, aka ce in kwashe kumfar kada in karce ƙwaryar. A nan na koyi kwanciyar aska. Ana kwantar da ita a jikin fata, sannan a ɗaga bayanta kaɗan, kamar kaurin bayan nata sau biyu. In ta miƙe da yawa tana kankara, in ta kwanta da yawa tana tsallake gashi. Ba a danna ta, nauyinta ya isa. Kuma duk abin da za a yi, kada ta zame gefe a tsawon bakinta, don wannan ba aski ba ne, yanka ne. Hannun hagu shi ne rabin sana'ar: shi ke jan fata ta miƙe kafin aska ta iso. A jiƙa gashi da ruwan ɗumi har ya yi laushi, a bi kwanciyarsa, a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Bayan ƙwarya sai ƙwaurina, bayan ƙwauri sai kuncina. A ƙarƙashin haɓa na fara yanke kaina, don a nan gashina ya murɗe ya canza hanya ban lura ba. Tsohon ya miƙo mini guntun alif, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, na danna, jinin ya tsaya, raɗaɗin ya hau har ƙwaƙwalwa.

Ina wannan fama, layin masu jiran aski a rumfar bai taɓa wuce mutum uku ba, dukkansu masu furfura. Na tambaye shi ina mutane suka tafi. Ya ce, "Reza ta ɗebi rabi, inji ya ɗebi rabin rabi, ciwo ya kwashe saura."

Lissafinsa bai kauce ba. A 1903 kamfanin King Camp Gillette na Amurka ya sayar da mariƙin reza 51 da reza 168 kacal. Kafin a gama yaƙin duniya na farko an raba wa sojojin Amurka su da miliyoyi, maza suka koyi aske fuskarsu da kansu a gaban madubi. Kamfanin Bic na Faransa ya fito da ta roba mai amfani-ka-yar a 1975, ga ta nan a kowane tebur a kasuwar Kongo. Injin lantarki ya zo da shagunan samari masu madubi da kiɗa da hotunan 'yan ƙwallo. Duk da haka dattawan unguwa ba su bar tabarma ba. Abin da ya karya sana'ar shi ne jini. A 1985 aka fara samun masu cutar ƙanjamau a Kamaru, rediyo da asibitoci suka shiga gargaɗi a kan kayan kaifi da ake tarayya a kansu. Ga kuma ciwon hanta, wanda ya fi ƙanjamau saurin bin ɗigon jini, kuma ya yi yawa a ƙasar nan. Askar da ke zagaya unguwa, wadda a da ita ce alamar zumunci, sai ta zama abin tsoro.

A nan ba na goyon bayan masu cewa Turawa ne suka ƙirƙiro zancen don su kashe al'ada. Likitoci sun yi gaskiya. Goge aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe komai. Shi ma tsohon ya sani, ko da yake ba ya son a faɗa a gabansa. Shekaru da yawa ke nan da ya koma karya sabuwar reza biyu a gaban mai aski, ya sa rabi a mariƙi, in ya gama ya jefa a gwangwani. Askin suna ma da sabuwar reza yake yi. Kaciya yawanci ta koma asibiti, cire belu kuwa likitoci sun daɗe suna hanawa. Askokin maƙeran nan uku washi kawai yake musu, ba sa taɓa kan kowa. Shi ya sa da ya ba ni ta Solingen ya kafa mini sharaɗi: "Kan ubanka kaɗai. Ko kai kada ka ƙara sa ta a fuskarka. Ka tafasa ta kafin ka fara."

Asabar ta goma sha ɗaya na tarar ya shimfiɗa tabarma ya cire hula. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma ga shi ya zauna ya ba ni ƙeya, da sabuwar reza a mariƙi. Hannuna na rawa na fara daga tsakiyar kai. Bai yi magana ba sai da na zo bayan kunne, ya ce, "Naɗe kunnen da yatsa, yaro, ba naka ba ne." Da aski ya zo gaban goshi na gane karin maganar ba ƙarya ba ce, fatar wurin ba ta da nama, kuma mai kan yana kallon hannunka. Na yanke shi wuri biyu. Ya shafa kan da tafinsa daga goshi zuwa ƙeya, ya sake shafawa daga ƙeya zuwa goshi, ya ce, "Je ka."

Ranar Juma'a da hantsi muka zaunar da Baba a tabarma a tsakar gida, ƙanena ya tallafe shi ta ɓarin da ba ya motsi. Na tafasa askar, na bar ta ta huce, na ja ta a fata. Da ya ji wannan ƙarar sai ya ɗago kai ya nemi inda take fitowa. Na jiƙa masa suma, na dafa kansa da hannun hagu. Askin da tsohon ke gamawa cikin minti goma ya ɗauke ni kusan awa guda. Wurin da ya fi ba ni wuya kuncin da ya saki ne, don fatar ba ta tsayawa, sai na ja ta da yatsu biyu. Kafin in kai ga gyaran gemu ya fara gyangyaɗi.

Da na gama ya lalubi aljihun rigarsa da hannun mai lafiya, ya daɗe yana lalube, ya fito da dala ashirin ya miƙo mini. Na ce, "Haba Baba, ni ne fa." Bai janye hannun ba. Na karɓa, na goge askar, na shafa mata mai.