HAƊARIN CIWON ZUCIYA DA SHANYEWAR ƁARIN JIKI GA WAƊANDA SUKA WARKE DAGA GUBAR JINI

Gabatarwa

Gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis, yanayi ne da ke faruwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga jikin mutum, garkuwar jiki ta tashi yaƙarsu har ta wuce gona da iri ta koma tana lahanta huhu da ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa. Ciwon nimoniya, taifot, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miki da ya ruɓe da zazzaɓin bayan haihuwa duk suna iya kaiwa ga wannan hali. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2017 mutane kimanin miliyan 49 suka kamu a duniya, miliyan 11 suka rasu.

Abin da muke son janyo hankalin jama'a a kai shi ne halin waɗanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo suka tsira. Sallama daga asibiti ba ta nufin haɗari ya kau.

Abin da bincike ya gano

A 2023, likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun wallafa nazari kan mutane fiye da miliyan 2 da aka kwantar a asibiti tsakanin 2009 da 2019, daga cikinsu sama da 800,000 sun yi gubar jini. An gano cewa haɗarin sake kwanciya saboda ciwon zuciya ko jijiyoyin jini ya fi yawa da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka yi cutar, na gazawar zuciya kuma da kashi 51 cikin 100.

Wani nazari daga ƙasar Taiwan a 2018 ya nuna cewa makonni 4 na farko bayan sallama su ne mafi haɗari wajen bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A Suwidin kuwa, binciken 2017 kan maza sama da 230,000 ya gano cewa haɗarin ya ninka kusan sau 6 a shekarar farko bayan gubar jini ko nimoniya, sannan ya riƙa raguwa, amma bai koma daidai ba ko bayan shekaru 5.

Masana na danganta wannan da kumburin cikin jijiyoyin jini da ke daɗewa bayan zazzaɓi ya sauka, da saurin daskarewar jini, da raunin da tsokar zuciya da ƙoda suka samu lokacin jinya.

Yadda ake hasashen haɗarin

Ma'aikacin lafiya na duba abubuwa biyu. Na farko shi ne halin mutum tun kafin rashin lafiyar: yawan shekaru, hawan jini, ciwon sukari, shan taba, ƙiba, da ciwon zuciya ko na ƙoda. Na biyu shi ne abin da ya faru a gadon asibiti: ko jini ya faɗi ƙasa sosai, ko ƙoda ta tsaya, ko an sa wa majinyaci na'urar numfashi, ko bugawar zuciyarsa ta rikice. Wannan rikicewar bugawa tana sa jini ya yi gudaji a cikin zuciya, gudajin ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawalin ƙiyasta haɗarin ciwon zuciya cikin shekaru 10 ga masu shekaru 40 zuwa 74, har da na yankin Afirka ta Yamma. Akwai nau'in da ba ya buƙatar gwajin jini, sai shekaru da jinsi da awon jini da nauyi da tsawo da batun shan taba, don haka ana iya aiki da shi a ƙaramin asibitin karkara. Sai dai jadawalin bai sa gubar jini cikin lissafi ba. Saboda haka wajibi ne wanda ya yi cutar ya faɗa da bakinsa duk lokacin da ya je ganin likita, ya kuma adana katinsa da takardar sallama.

Abin da ya kamata a yi bayan sallama

1. A koma asibiti ranar da aka ba da, ko da mutum yana jin ƙarfi.
2. A riƙa awon jini akai-akai. Idan ya kai 140 bisa 90 fiye da sau ɗaya, a ga likita.
3. Mai shan maganin hawan jini ko sukari ya tambaya ko zai ci gaba, domin akan dakatar da su lokacin jinya a manta a mayar.
4. A guji sayen magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kemis ba da izinin likita ba, suna cutar da ƙoda da zuciya.
5. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Gishirin yini kada ya wuce giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. A bar taba.

Alamun gaggawa

Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a gefe ɗaya, sarƙewar magana, ciwon ƙirji, haki idan an kwanta, da kumburin ƙafafu. A yankunanmu akan ɗauki shanyewar jiki a matsayin bugun iska ko sammu, a tsaya neman magani a gida har lokaci ya ƙure. Maganin narkar da gudajin jini yana aiki ne cikin awa 4 da rabi daga farawar alamu, don haka a garzaya babban asibiti nan take.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli su isar da wannan bayani a tarukan jama'a, musamman ranar 13 ga Satumba da ake tunawa da cutar a duniya kowace shekara. Muna kuma roƙon jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su riƙa rubuta sunayen waɗanda aka sallamo bayan gubar jini, a bibiye su aƙalla shekara guda. Allah ya ƙara mana lafiya.