Kafasita: daga takarda mai kaki zuwa leda da tangaran

A watan Afrilun 1969 mujallar Wireless World ta Ingila ta buga zanen wata amfulifaya ta John Linsley Hood, mai taransisto huɗu kacal da ƙarfin wat 10. Masu sha'awa suka yi ta harhaɗa ta a gida, kamar yadda na gabansu suka yi da ta Williamson mai bawul a 1947. Har yau ana kakkaɓe ƙurar irin waɗannan a jona su da wuta. Sau da yawa taransiston na nan garau; kafasita ce ke fara gajiya, sai a ji lasifika na gurnani ko murya ta shaƙe.

A zamanin bawul, ƙananan kafasitoci takarda ce ake naɗewa da fallen ƙarfe a tsoma cikin kaki. In ka buɗe tsohon akwati za ka gan su rawaya-rawaya, sun tsattsage, suna danƙo a hannu. Takarda tana shan laima, da ta sha kuwa sai ta fara yoyon wuta. Wadda ke tsakanin bawul biyu in ta yi haka, bawul na gaba zai ja wuta fiye da kima, ya yi jajawur, wani lokaci har ya tafi da taransifoma. Waɗannan ba a ɓata lokacin gwada su, cire su ake yi a sa na leda.

Manyan kuwa, masu tace wuta, na ruwan sinadari ne. Charles Pollak ya yi rajistar dabarar a 1896, aikin Samuel Ruben na 1925 kuma ya share hanyar shigarta rediyon gida. Aibin irin wannan kafasita ɗaya ne, ruwan yana ƙafewa. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwananta biyu. To, amfulifayar Linsley Hood da ma zafi take yi ko ba a kunna waƙa ba, balle a ce bazarar Kano ko Zinder ta same ta. Shi ya sa mai lambar digiri 105 ta fi mai 85, ko da kuɗinta ya ɗara kaɗan.

Abin da ke rikita mai gyara shi ne lambobin sun sauya. Zanen da zai ce maikrofarad 50 ko 2,500, kasuwar yau kuma 47 take da shi, da 2,200 ko 3,300. Ba abin damuwa ba ne, domin tsofaffin ma sukan zarce abin da aka rubuta a jikinsu da kusan rabi. Bolt ne dai ba a ragewa. A ƙara ba laifi. Sabuwar za ta zo 'yar mitsitsiya kusa da tsohuwar, saboda yanzu an fi ƙwarewa wajen sassaƙa fallen alminiyam da ke cikinta da sinadari har faɗinsa ya ninku. Sai a kula da ƙafar tara da ta ragi, don in aka juya su fashewa take yi. Kada kuma a yi zarin girma a kafasitar farko bayan bawul mai daidaita wuta, nauyin zai fi ƙarfinsa.

Leda ta shigo a shekarun 1950, foliyesta da farko, folifurofilin daga baya. Ire-irensu, kamar masu ruwan ɗorawa na Mullard da Philips, yawanci lafiyarsu lau har gobe, kuma a ganina cire su ɓarna ce. Inda lamba ba ta da sassauci shi ne sashen gyaran murya da na faifan garmaho, wanda ke bin ma'aunin RIAA na 1954. Nan wadda kuskurenta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba ake nema, in ba haka ba lasifikar dama da ta hagu za su saɓa.

A 1980 Walt Jung da Richard Marsh suka rubuta a mujallar Audio ta Amurka cewa irin kafasita yana taɓa sauti. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma 'yan kasuwa suka hau kanta, har takarda mai mai ta dawo da tsadar gaske. Sai a 2002 Cyril Bateman ya fara buga awon da ya yi a Electronics World. Folifurofilin da folistirin suka fito da tsabta, haka ma ƙaramar tangaran mai lambar C0G, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. 'Yar'uwarta X7R kuwa tana jirkita sauti, don ƙimarta na sauyawa da yawan wutar da ke kanta. A ido kusan ba a bambance su, jikin ƙananan ma babu rubutu ko ɗaya, don haka sai a nemi ganin takardar da ke kan ƙunshin kafin a biya.