Daga karan gamba zuwa tsinken salula

A Tchaké, kamar sauran garuruwan yankin Mayahi, yaro kan fara riƙe alƙalami tun bai san hanyar lakwal ba. Ana yanko karan gamba ko sillen dawa, a fiƙe shi da wuƙa, a tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada. Ita kuma tawadar daga gawayi da ƙaro ake haɗa ta, a zuba a kurtu. Idan karatu ya zauna, sai a wanke allon a ɗora wani. Sunayen kayan ma baƙi ne da suka zama ƴan gida: allo da tawada da alƙalami duk daga Larabci muka aro su, kuma shi alƙalami asalinsa kalmar Girkanci ce mai nufin kara.

Takarda kuwa tsada gare ta a da. A ƙarni na 19 yawancin wadda malamanmu suka yi rubutu a kanta daga Italiya take, mai alamar jinjirin wata uku, fatake na ɗauko ta daga Tarabulus su ratso sahara da ita. Tasawa na kan wannan hanya; ta nan Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi a Janairun 1851 kafin ya wuce Katsina da Kano. Abin da ya sha wannan tafiya ba a ba yaro ya yi wasa da shi. Sai hannu ya faɗa a kan allo sannan a amince masa da takarda. Da irin wannan horo Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin Nijar ta yau a 1754, da ƴarsa Nana Asma'u suka bar mana rubuce-rubucensu.

Da Nasara suka zo, sai hannu ya juya daga hagu zuwa dama. A gefen Ingilishi, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, boko ya kama hanya. Mu a nan lakwal ta zo mana da Faransanci da kuma kaye mai ƙananan layuka, wanda wani mai sayar da takardu, Jean-Alexandre Seyès, ya ƙago a 1892. Duk wanda ya yi ajin CI ya san dokar waɗannan layuka: "a" ta tsaya a layi ɗaya, "t" ta hau biyu, "l" ta hau uku. Iyayenmu sun yi ta da alƙalamin ƙarfe da tawada shuɗiya mai ɓata yatsu. Bik ya fito kasuwa a 1950, amma sai a 1965 Faransa ta yarda a shiga aji da shi, don malamai da yawa na ganin zai lalata hannun yara. Har yau akwai tsofaffin mushe a Maraɗi da ba su sauka daga wannan ra'ayi ba, kuma in ka ga rubutunsu da wuya ka yi musu gardama.

Salula ce ta yi wa hannu babbar illa. Da farko maɓallai, daga baya shafa gilashi da babban yatsa. Hausa ta fi jin jiki, domin an daɗe babu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a wayoyi, har mutane suka saba rubuta "kasa" ko ƙasa suke nufi ko gazawa. Ajami kuwa aka bar shi a gafaka. Masu ƙera wayoyin ma ba su yi shawara ɗaya ba. Na'urori irin su Newton na 1993 da PalmPilot na 1996 da tsinken rubutu suka zo, amma da Steve Jobs ya gabatar da iPhone a 2007, yi wa tsinken ba'a ya yi, ya ce yatsa ya isa. A 2011 Samsung ya fito da Galaxy Note mai alƙalami a cikinta, a 2015 shi ma Apple ya fito da nasa.

Ni da irin wannan waya nake shirya darasi yanzu, kuma in za a tambaye ni, allo ce ta dawo da sabuwar riga. Ka rubuta, ka goge, ka sake. Bambancin kawai, wannan allon yana ajiye abin da ka rubuta jiya. Lanƙwasar ƙ ba ta neman izinin kowa, hannuna ne ke yin ta. Ina iya fara layi da Faransanci, in bi da Hausar boko, in koma dama in rubuta ajami da wasullansa yadda malaminmu na allo ya koya mana, in tura wa abokin aiki a Mayahi ta WhatsApp ya gane hannuna ne tun bai duba suna ba. Sai dai in na ce wa wayar ta mai da rubutun nawa na bugu, nan take ƙ ke komawa k. Don haka nakan bar shi a rubutun hannu.

Iyaye kan tambaye ni ko su ba yaro irin wannan ya koyi rubutu. Binciken da Marieke Longcamp da abokanta suka yi a Faransa, suka wallafa a 2005, ya nuna ƙananan yaran da suka koyi haruffa da hannu sun fi gane su fiye da waɗanda suka koya da maɓallai. Wani kuma da aka yi a Norway, aka wallafa a 2024, da alƙalamin lantarki a kan gilashi aka yi shi, aka ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗa kai a lokacin rubutun hannu fiye da lokacin bugu. Amma ɗaliban jami'a aka gwada, waɗanda hannunsu ya riga ya nuna. Gilashi santsi gare shi. Itacen allo da alli suna ɗan turjewa, kuma wannan turjiyar ce ke gaya wa yatsun ɗan shekara shida inda za su tsaya. Shawarata ita ce a bar yaro da allonsa da kayensa har ya gama firamare.

Sannan ga batun aljihu. Kuɗin waya mai alƙalamin kirki ya sayi buhunan hatsi masu yawa, ga neman caji a garin da wuta ba ta wadata ba. Almajiri in alƙalaminsa ya karye, bakin gona zai je ya yanko wani kafin malam ya waiwayo. Nawa kuwa in ya faɗi cikin rairayi a hanyar kasuwa, sai na aika Maraɗi, wataƙila ma Kano, in jira mako biyu ina rubutu da yatsa.