Tarihin Baka da Sirrin Bayansa

'Yan uwa mazauna Kagara. Yau za mu waiwayi baka, makamin da ya tsare kakanninmu tun kafin bindiga ta yawaita.

A yaƙin Tafkin Kwatto na shekarar 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, amma Allah Ya ba su nasara. Nan ƙasar ma, sa'ad da mayaƙan Nagwamatse na Kwantagora suka matsa, Kamuku da Gwari kan duwatsu suka hau, suka kare kansu da kibau. Sai da Turawa suka ci Kwantagora a 1901 sannan baka ya koma hannun maharba.

To, yaya ake yinsa? Akan nemi reshen dargaza ko ɗunɗu miƙaƙƙe, marar ƙulli. Baka yana da ciki da baya. Ciki shi ne ɓangaren da ke fuskantar mai harbi, baya kuwa shi ke duban abin hari. In an ja tsarkiya, cikin yana matsewa, bayan yana miƙewa. Saboda haka gwani ba ya sassaƙar baya. Ɓawon kawai yake ɓarewa a hankali, ya bar jijiyar itacen a haɗe daga wannan kai zuwa wancan. Wuƙa ta kuskure ta yanki jijiya ɗaya, to nan zai tsage ran da aka ja shi da ƙarfi, wataƙila ma gaban ɓauna. Duk ragin da za a yi, ta ciki ake yinsa.

Daga nan sai a gasa shi sama-sama a daidaita shi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shanya a inuwa, a riƙa shafa masa mai. Tsarkiya ta fata ce, kibiya ta kyauro, bakinta aikin maƙera, dafi kuwa daga kwankwani.

Tsofaffin da suka san wannan aiki suna ta ƙarewa. Ina roƙon ƙungiyarmu ta tura samari wurin dattawan maharba, namu da na Kamuku masu masaukinmu, su rubuta abin da suka ji tun da sauran masu faɗi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.